Dubu Talatin ta Injamena

Assalamu alaikum. Ɗana, ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Saƙonka ya iso ranar Talata bayan la'asar. Ƙanwarka ta nan gida ce ta karanta mini, don idona ya daina shiri da ƙananan rubutun waya, ita ce kuma take rubuta wannan ina faɗa mata. In ka ga kuskure nata ne, in ka ga tsawo nawa ne.

Na ji kukanka. Gidan yarinya sun aiko cewa sadaki dubu talatin, ka yi murna har ka shaida wa abokanka na unguwar Briketeri ta Yawunde cewa aure ya yi araha a Injamena, sai gwaggonka ta kira ka ta ce dubu ɗari da hamsin ake nufi. Kana tambaya ko wayo aka yi maka. Ga kuma jerin kayan da aka rubuto: goro ƙwarya goma, gishiri, zugu na farin saƙi, turamen atamfa, da abin azurfa ko na zinariya. Ka ce me zai hana a dunƙule su duka a yi musu kuɗi ɗaya, ka turo ta waya, kowa ya huta.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ba kai kaɗai ba ne, duk baƙon da ya shigo kasuwar garin nan sai ya sha wannan ruwan. Ba wanda ya yi maka wayo. Kai ka tashi a Yawunde inda ake ƙirga faranka ɗaya-ɗaya da Faransanci, mu kuwa nan da riyal muke ƙirge, riyal ɗaya tamma biyar, wato faranka biyar. Da Hausa dala muke cewa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Damagaram da Maradi suke faɗa. In mai tumatir ta ce maka ishirin, sefa 100 take nema. In ta ce miya, 500 ke nan. Takardar 1,000 dala metan ce, ita muke kira jika. Takardar 5,000 kuwa ita ce alif, dubu. To lissafa da kanka: dubu talatin sau biyar. Tsohuwar da ta faɗi adadin nan ba ta taɓa ƙirga kuɗi ta wata hanya ba tunda aka haife ta, in ka ce mata dubu ɗari da hamsin sai ta ɗauka ka ninka mata sau biyar, ta ce yaron nan ɗan albarka ne.

Ita dalar ba suna ba ce kawai, abu ce da ake riƙewa a hannu. Ina da guda ɗaya a ƙasan adakata, ta kakarka ce. Azurfa ce mai faɗi, nauyinta giram 28, a fuska ɗaya hoton wata mace mai jiki, a ɗayan tsuntsu mai kai biyu, shi ya sa Larabawa suke ce mata abu tera. Matar sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, ta mutu a 1780, kuma duk dalar da aka buga bayan mutuwarta shekarar nan aka ci gaba da rubuta mata, don mutanen ƙasashenmu ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Ta hamada take shigowa, daga Tarabulus zuwa Borno, daga Bangazi ta Kufra zuwa Abeshe, wata kuma ta gabas daga Sudan. 'Yan kasuwa suna duba ɗan adon da ke kafaɗar matar, in ya side sai su rage mata daraja ko su ƙi ta. Na ga kakanka yana yi wa wannan ɗin haka da babban yatsa, alhali a lokacin ba mai sayen komai da ita, hannu ne ya saba.

Da Faransawa suka kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, shi ma kwamandansu Lami ya mutu a wurin, suka tsallako kogi suka kafa barikin da suka sa wa sunansa, wato garin nan da nake zaune, wanda bai koma Injamena ba sai 1973. Abin da Bature ya fara nema shi ne lanho, wato haraji, kuma da kuɗinsa yake so a biya. A cikin kuɗin nasa akwai azurfa ta faranka biyar, girmanta ya yi kusa da na abu tera, sai mutane suka ɗauki sunan tsohuwar suka liƙa wa sabuwar. Azurfar ta tafi, takarda ta zo, aka kafa sefa a Disamban 1945, ƙwandalar faranka biyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta kai yau ko alewa ba ta saye, in ma ka gan ta. Sunan dai yana nan. Can ƙasar Ingilishi kuma, wato Najeriya, sule biyu suka kira dala. Kowa da inda ya ajiye tasa.

Abin da nake so ka lura da shi ke nan tun kafin in yi nisa: jerin nan da aka rubuto maka, ba tarkacen mata ba ne. Kowane abu a ciki ya taɓa zama kuɗi a ƙasar nan, ana saye da shi, ana biyan bashi da shi. Gidan yarinyar kuɗin kakanninmu suke tambayarka, iri-iri.

Ɗauki zugun nan da ya fi ba ka mamaki. Kafin dala ta wadata, ƙaramin ciniki da saƙi ake yinsa. Masaƙa suna saƙa farin ƙyalle siriri, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, a naɗe shi, a auna da kamu. Barebari suna ce masa gabaga, nan Cadi gabak, Fulanin Adamawa leppi. Mace za ta je kasuwa da shi a ƙugu, a yanka mata gwargwadon man shanu ko geron da ta saya. In ya taru a ɗinke shi ya zama riga, rigar ma kuɗi ce, babba. Baturen Jamus ɗin nan da ya kira kansa Abdulkarim ya je Yola a 1851, ya je Masenya ta Bagarmi a 1852, duk ya tarar da saƙi ake ciniki. A Kano kuwa a shekarar 1851 wuri ya tarar, dala ɗaya wuri 2,500. Ka san kalmar kuɗi jam'in wuri ce? Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Har yau in mutum ya tsiyace cewa yake ba shi da ko wuri, bai san abin da yake ambato ba. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, daga baya 'yan kasuwar Jamus suka yi ta jibgo wani mai girma daga Zanzibar har ya yi yawa ya lalace, kafin ƙarnin ya ƙare dala ɗaya ta kai wajen wuri 5,000. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan ƙato guda, ka ga a zamanin Abdulkarim dala takwas mutum yake ɗauke da ita a kansa yana nishi. Masu ƙirga shi biyar-biyar suke ja da yatsu. Ni a ganina shi ya sa da dala ta zo a biyar-biyar ba ta ba kowa wahala ba, amma wannan tunanina ne.

Wuri bai kama nan gabas sosai kamar ƙasar Hausa ba, a Borno ma sai a zamanin Shehu Umar ya shiga. Saboda haka saƙi ya daɗe a hannun mutane, ya shiga cikin aure ya zauna. Wani abu kuma da tsofaffi ba sa faɗa a gaban amarya: da irin zugun nan ake yin likkafani. Kakarka ta ajiye nata fiye da shekara arba'in, da shi aka rufe ta. Masaƙan sun ƙare yanzu, sai an yi cigiya, yadin masana'anta ya kashe su tun ana kawo na Kaduna da na Sar. In ba a samu ba farin yadi ya isa, na riga na yi magana da su.

Akwai wani kuɗin da babu shi a jerin, kuma ba zan tsallake shi ba don kada ka ce Baffa ya nuna maka gefen tuwon da bai ƙone ba. Bayi. Babban ciniki, na doki ko na bindiga, da mutum ake biya, don shi kuɗi ne mai tafiya da ƙafarsa. Sarakunan Bagarmi da na Wadai suna kai hari kudu, ƙasar Sara, fatake suna saye, har da namu Hausawa, ana bi da su ta Kufra. Jikokin waɗanda aka kwashe wa dangi su ne maƙwabtanmu na unguwar Mursal yau, ba su kuwa manta ba. Bature ya hana wannan, ya kawo nasa salon: daga 1928 ya tilasta wa mutanen kudu noman auduga, a auna wa kowane mai biyan lanho gona da igiya, kamfani ɗaya ya saya a farashin da ya ga dama, kuɗin ya zaga ya koma lanho. Duk wanda ya ce maka komai na da alheri ne, bai zauna da tsofaffin kowane ɓangare ba.

Gishiri ba sai na ja ba. Ƙasar da ba teku, gishirinta daga hamada yake zuwa a bayan raƙumi: kantu daga Bilma zuwa Damagaram da Kano, nan kuma daga Borku da Enedi tare da dabinon Faya, a musanya shi da gero. Mai kantu a ɗaka mai kuɗi ne, ana gutsura ana sayayya. 'Yar'uwarsa kanwa ita ce ta riƙe gidaje da yawa a nan. Ungurnu ake haƙowa a Kanem, Buduma su ɗora a jiragensu na ciyawa su haye tafki da ita zuwa Baga, daga can ta kama hanyar Kano har ta kai kurmi. Ina yaro tafkin teku ne, a 1963 an ce ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka shanye shi har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, inda ake tuƙa jirgi aka koma shuka masara da wake. Gishirin aure yanzu buhu ɗaya ne na kanti, ba zai karya ka ba. Ana ƙulla shi kaɗan-kaɗan a raba wa dangi da maƙwabta, kowace tukunya a unguwa ta ɗanɗana.

Goro kuwa, nan ka taɓo ni, don a cikinsa aka haife ni, da shi na aurar da 'ya'ya, da shi aka biya wa mahaifinka makaranta.

Ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi abin da ba ya tsirowa a ƙasarmu ko ɗaya ya zama ba a aure, ba a suna, ba a naɗin sarauta sai da shi? Tsadarsa ce ta ba shi wannan girma. Da can daga Gwanja ake ɗauko shi, kasuwar Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Ayari zai tashi daga Kano da madugu da jakuna, a kai kanwa da baƙin rini da fatu, a dawo da goro, tafiyar watanni, wani lokaci shekara ta zagayo. Goro kuma jariri ne, ba ya son rana, ba ya son iska. Kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince wanda sankara ta ci, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Kafin ya iso Kukawa ko Abeshe ya zama abincin sarakuna, talaka in ya samu ɓari ɗaya sai ya ƙulle a bakin riga yana gutsura kwana biyu. Saboda haka mutumin da ya ajiye ƙwarya guda, goro ɗari, a gaban iyayen yarinya, ya yi magana ba da baki ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano daga Ikko wajen 1912, goron ƙasar Yarbawa, irin na Shagamu, ya maye na Gwanja, farashi ya sauko har kowa ya samu. Dogo ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. A zamanina daga Maiduguri muke lodi a mota, mu bi Dikwa, Gamboru, mu shiga Kamaru ta Fotokol, mu sauke a Kusiri, a yi fito da jirgi, don gadar Ngeli sai 1985 aka yi ta. Da damina hanyar nan laka ce baƙa mai kama taya, mota takan kwana bakwai a wuri ɗaya, kana zaune a kan huhunka kana jin warin asararka. Tun da fitinar Boko Haram ta rufe Gamboru a 2014 aka sha zagaye mai nisa, goro ya sake tsada, har yara suka fara maye shi da alewa da cingam a wurin ɗaurin aure. Ban hana alewa ba, amma ni ba a aurar da ɗana da ita kaɗai.

Dalilina shi ne, goro shaida ne. Liman zai tambayi waliyyi, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, sannan a bi sahu da faranti. Duk wanda ya tauna ya ji, ko bai ji da kunne ba. A aika wa wanda bai zo ba har gida, mata su kai wa mata, a ba mai unguwa nasa marsa, manya zaɓaɓɓu, yara su wawashe minu. Bayan shekara ashirin in wata magana ta taso ta gado ko ta nasaba, za a samu tsohon da zai ce ai na ci goron auren nan. A ƙasar da aka sha ƙona takardun ofis a yaƙi, kada ka raina wannan. Wayarka za ta iya turo kuɗin goro, amma ba za ta iya sa shi a bakin mutum ɗari uku ba.

Ka san ma ta yaya muka zama 'yan Cadi? Kakanka bai fito Damagaram don ya zauna nan ba. Makka ya nufa, a ƙasa, shi da kakarka tana amarya, da jaki ɗaya, kafin yaƙin Hitila. Haka dubban Hausawa suka yi, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a suka yi ta kwarara gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda har yau da sunansa ake kira. Hanyar ita ce Fort Lami, Abeshe, Adre, Jinaina, Fashir, Ubayyid, a tsaya a Jazira a tsinci auduga a tara kuɗin jirgin ruwa, sannan Sawakin. Ba mai guzurin da zai kai shi. Kowa da sana'ar da yake ci da ita a hanya, wani wanzanci, wani fawa da kilishi, wani dukanci, wani allo da tawada. Kowane gari akwai zango da mai masauki Bahaushe, shi zai sauke ka, ya tsaya maka a wurin hukuma, ya ba ka kaya bashi ba takarda. Kakanka da ya iso nan aljihu ya bushe, mai masaukinsa ya ɗora masa farantin goro, ya yi shekara biyu yana talla kafin ya ci gaba. Shekara bakwai suka yi kafin su dawo. Da suka iso nan a komowa yayanmu na goye, aka ce a huta damina ta wuce. Daminar ce har yau ba ta wuce ba. Rabin Hausawan Abeshe da na nan in ka tona, labarinsu ke nan, wasu ma a tafiyar suka tsaya, Makkar sai jikokinsu suka gani ta jirgin sama.

Abin da ya kai su ya dawo da su, bayan ikon Allah, dalolin kakarka ne. Sadakinta ne da gudummawar iyayenta, guda goma sha biyu, ta ɗinke su a cikin ɗamara ta ɗaura a ƙarƙashin zane. Kakanka bai taɓa sanin adadinsu ba sai da suka kusa ƙarewa. Jaki ya mutu a Wadai, ta ciro ɗaya. Ya kwanta ciwo wata biyu a Fashir, ta ciro biyu. Haka haka, har aka dawo da guda ɗaya tak, wadda na ce maka tana adakata. Kuɗin Faransa ba ya aiki a ƙasashen Ingilishi, amma ba inda aka ƙi azurfa.

Za ka ce wannan zamanin jaki ne. To bari in ba ka na zamanin banki, wanda na gani da idona. A Fabrairun 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin garin nan, ya lafa, ya dawo a Maris 1980 tsakanin mutanen Hisen Habre da na Gukuni Wadai, bai tsaya ba sai Disamba. Muka tsallaka Shari zuwa Kusiri da abin da hannu zai iya ɗauka, mu da dubun dubatar jama'a. Rumfata ta kasuwa an wasashe ta. 'Yan kuɗin da nake taƙama da su suna banki, bankin a rufe, littafin yana aljihuna yana jiƙewa da gumi. Innarka kuwa, matata, da nake yi wa faɗa a bakin kogi cewa ta yar da ƙunshin nan ya yi nauyi, ta yi kamar ba ta ji ba. Turamenta na lefe ne guda tara da ba ta taɓa yankawa ba, da 'yan kunne da warwaro. Su muka ci. Turmi ɗaya ya tafi, buhun gero ya shigo. Da warwaronta aka yi wa mahaifinka kuɗin mota zuwa Ngaundere, ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sauka wurin Hausawan Briketeri, har ya haɗu da mahaifiyarka. Ka ga kai kanka da kayan lefe aka kai ka inda aka haife ka. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, in muka yi saɓani sai ta ce, Alhaji, in yar da ƙunshin? Sai in yi shiru.

Ban gama farfaɗowa ba, a Afrilun 1984 Najeriya ta sauya launin naira ta rufe iyakokinta, aka ba da 'yan kwanaki na canji. Mu da ke waje da nairar ciniki a hannu, ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Sai kuma Janairun 1994, muka kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, muka tashi yana 100. Wanda ya ajiye takarda rabin dukiyarsa ta tafi yana barci, wadda ta ajiye atamfa da zinariya ta tashi ta ga kayanta sun hau. Sau uku ke nan a rayuwar mutum ɗaya. Matan garin nan ba su yi makarantar tattalin arziki ba, amma sun ga abin da na gani, shi ya sa uwar yarinya take son abin da za a sa a akwati a kulle, wanda yake na 'yarta ita kaɗai, ba mai taɓawa sai da izininta, ko kai. Kuɗin waya kuwa kafin a watse daga biki an cinye shi a shinkafa da hayar kujeru, yarinya ta tare hannu wofi.

Kada ka ɗauka na goyi bayan duk abin da ake yi yanzu. Tun da aka fara tura man Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003 kuɗi suka shigo garin nan, aure ya haukace. Akwati shida, akwati goma sha biyu, a ɗora a mota a zaga gari ana guɗa, a ɗauki hoto a watsa a Facebook don kishiyar uwa ta gani. Farashin mai ya faɗi a 2014, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, amma akwatunan ba su ragu ba, sai bashi ya ƙaru. Na san samari da suka haura talatin da biyar ba aure saboda wannan, na san gidajen da aka sayar da fili don a fita kunyar kwana ɗaya. Wannan ba ajiya ba ce, gasa ce, kuma ba ta da kaka a cikin al'adarmu. Kakarka da dala goma sha biyu a ɓoye ta tafi, ba wanda ya yi mata guɗa a kansu.

Abin da addini ya ɗora maka kaɗan ne, ka sani: waliyyi, shaidu, siga, da sadaki. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, zinariya giram ɗaya da ɗan ɗoriya, ko dirhami uku na azurfa, wanda dala ɗaya ta abu tera ta ninka shi fiye da sau biyu. Sauran duk al'ada ce, ana iya ragewa, kuma ni ne waliyyinka, ragewar aikina ce ba naka ba. Kada ka kuskura ka kira surukarka kana ciniki da ita ta waya kamar mai sayen akuya. Ka bar ni da kawun yarinyar, mun san juna tun muna tallan goro a tasha.

Ga yadda za a yi. Sadaki ka turo ta wayar, ban ƙi ba, ƙaninka zai ciro, amma a hannu zan miƙa shi a gaban jama'a, a ƙirga, kuma zan sa a faɗi adadin da harshe biyu, dubu talatin na riyal, dubu ɗari da hamsin na sefa, don mutanenku na Yawunde kada su koma da labarin araha. Goro ni zan saya, ba a aiken yaro sayen goro, za a haɗa ka da daushe mai sankara a ƙasan huhu. Ƙwarya goma ta yi yawa ga taron da nake hange, zan nemi a tsaya a shida. Atamfa ka sayo can, turmi biyar masu kyau sun fi goma sha biyar na banza da za su koɗe a wanki biyu, ka bar mahaifiyarka ta zaɓa, kada ka sa baki. Akwati biyu. In sun ce uku, na ji, ban wuce nan ba.

Abin azurfa kuwa kada ka saya. Dalar kakarka zan kai wa maƙeri ya sa mata kunne da sarƙa, ba zai huda ta ba, na gargaɗe shi. 'Ya'yana mata sun daɗe suna zawarcinta na hana, za a yi ƙorafi, na shirya masa. Warwaron innarku ne ya raba mahaifinka da garin nan, ban kuwa samu na yi masa komai ba har Allah ya karɓe shi.

Ka shaida mini ranar da za ku taso. In ta Ngaundere za ku biyo, ku kwana a Marwa ku kama hanyar Kusiri da sassafe, kada dare ya yi muku tsakanin Mora da Waza, kuma ku iso gada kafin a rufe ta da yamma. Ka taho da takardunka cikakku. Ka ce wa mahaifiyarka ɗakin innarku na nan an share mata, ta zo da maganin ƙafarta, na nan tsada gare shi.

Baffanka.